Ambulan ɗin Rabi

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, ƙarfe goma da kwata na safe, shekara biyu bayan an yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato. Mu uku muka shiga ofishin ɗaukar ɗalibai na wata kwaleji a Sakkwato: ni, ɗiyata Rabi, da kawunta Garba na Maiyama, wanda na gayyato don ya zama shaida.

An kafe sunayen waɗanda aka ɗauka sau biyu, babu na Rabi, alhali sakamakonta ya fi na yara uku da na sani an ɗauka. Wata biyu ba na cin tuwo sosai. A masallaci, a tashar Jega, har a kasuwar albasa ta Aliero, na bayyana wa jama'a dalili: tun da aka raba jiha ake ture 'ya'yanmu. (Ni malamin lissafi ne, mutane sukan ɗauka ba na magana sai da hujja.)

Na yi wa ma'aikacin jawabi na minti bakwai. Ya duba rajista sau biyu, ya ce, "Malam, takardarta ba ta iso muna ba. Kana da rasidin gidan waya?"

"Ni ba na yar da takarda," na ce, da ƙarfin da zai isa ga iyayen da ke layi.

Na ɗora jakata a tebur, na fara fiddawa. Katin asibiti. Jarrabawar aji uku. Sai ga ambulan mai ruwan ƙasa, a manne, da kan sarki huɗu da adireshin kwalejin da kyakkyawan rubutuna. Ko hatimi ba a buga masa ba.

A nan na tuna. Ranar da na je gidan waya, na sayi kan sarkin, na liƙa, sai wani abokina ya tare ni da zancen irin albasa. Muka fito tare muna gardama.

Ma'aikacin ya juya ambulan ɗin a hankali, ya ce, "To, yanzu kam ta iso."

Garba ya gyara hula. "Malam, shaidar mi za ni bayarwa in mun koma?"

Rabi ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Cewa kawai ta yi, "Baba, sau ukku Inna ta ce ka duba jakar."

Gaskiya ne. Sau ukun ina amsa mata cewa harkar boko ba tata ba ce.

Abin da na koya ɗan kaɗan ne: kafin in tuhumi jiha guda, in fara zazzage jakata.

An rufe karɓar takardu tun wata huɗu kafin ranar. Rabi ta zauna gida shekara ɗaya. Da aka sake buɗewa, ita da uwarta suka kai takardar da hannunsu, kuma sunanta ya fito a jerin farko.