Turaren Wuta a Garejin Habibu

Da na je wa ɗana Habibu a Greensboro, can ƙasar Turawa, na tarar ya mai da garejin gidansa wurin aiki. Wai wasu gilasai yake saitawa, kowanne kamar ƙwayar gero, don wani haske mai ƙarfi da ake kira lesa ya shige wani zaren gilashi siriri. Duk bokon nan, a zura haske a zare ya ƙare! Makonni ya yi yana saitin, wasu Turawa masu kamfani za su zo su gani, in ya yi musu su ba shi kwangila.

Ya ce, "Mama, kar ki taɓa komai."

Ban taɓa ba. Amma ina raye baƙi su shigo gidan ɗana yana warin asibiti? Na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa turaren wuta ɗan Maiduguri, na ajiye a garejin, na ja ƙofa don ya kama.

Ya kuwa kama. Hayaƙi ya dusashe gilasan kaf, haske ya ƙi shiga. Habibu ya zauna daɓas, ya ce, "Mama, da ma taɓawar kika yi." Turawan suka zo, suka yaba ƙamshi, suka tafi da kwangilarsu.

Har yau in na ɗauki kasko, jikokina, marasa kunya, sai su ce, "Ku ɓoye tabarau, Injiniya ta fito."