Naman da na cusa wa Kaka Nora

Ba zan taɓa mantawa da walimar saukar ɗana Habibu ba, a gidanmu na unguwar Tremont, nan ƙasar Turawa, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Cikin baƙina har da Kaka Nora, tsohuwar da ƙofarta ke kallon tamu, 'yar ƙasar Ayalan. Matar kirki ce. In muna azumi, ko shayi ba ta sha a gabanmu.

Na cika mata faranti da farfesun rago. Ta ɗaga hannu ta ce a'a. To ni a Kano aka haife ni, a'ar farko kawaici ce. Na ƙara tsoka. Ta sake cewa a'a, na ƙara hanta. (Har ina ce wa ƙawata Hajiya Rabi, "Kin ga baturiya da kunyar Fulani?") Ƙarshe na tsakuro nama da cokali na nufi bakinta kamar mai ba yaro magani, mata na ta shewa.

Ta riƙe wuyan hannuna a hankali ta ce, "'Yata, yau Juma'a ce, muna cikin azuminmu. Ba feoil."

Habibu ya ce, "Mama, ai na gaya miki tun jiya!" Wallahi ya gaya min, ina wajen tukunya.

Ga cokali yana sama, romo na ɗiga a kan siket ɗinta. Ni da ke yi wa yara wa'azin girmama mai azumi!

Ita ta cece ni. Ta jawo ni na zauna, ta ce feoil (fiyol take faɗinsa) shi ne nama a harshensu, tsohuwar kalma ce da suka gada daga kakannin kakanni. Da naman dabba da na jikin mutum, duk sunan ɗaya, kamar dai mu. Ta ce ita kanta Juma'a, sunanta a bakinsu daga azumi ya samo asali. Tun barinta gida tana budurwa harshen ke zame mata, amma wannan kalma da mahaifiyarta ke tsawata musu da ita ta zauna daram.

Sai ta ce, "Zuba min a kwano, Asabar na nan tafe."

Washegari ta dawo da kwanon a wanke, da burodin da ta gasa a ciki.

Tun daga ranar, in baƙo ya ce a'a, nakan tambayi dalili kafin na ɗauki cokali. Sai dai in ɗan Kano ne. Shi kam ƙarya yake, zuba masa nake.