Randunan Shugaba Bang Masu Sheƙi

"Ku ba ni waya kawai, in sa Koriya gaba ɗaya ta yi layi a ƙofar matoyar randunan nan!"

Abin da Bang Deok-man ya faɗa ke nan ranar da ya dawo ƙauyenmu daga Seoul, da kwat da tumbi, babu aikin yi. Aboki, in ka ga tafiyarsa sai ka rantse gwamna ne. Ya buga kati ya rubuta "Shugaba" a gaban sunansa, alhali ko kaza ba ta ƙarƙashinsa. Mu ma muka bi shi da Shugaba, don dariya ba ta da tsada.

Surukarsa, Tsohuwa Pyo, randuna take ginawa, baƙaƙen nan da muke zuba daddawar waken soya da kimchi, wato kabejin da muke jiƙawa da barkono har ya yi tsami. Ko jariri a nan ya san randar kirki numfashi take yi: iska na fita ta jikin yumɓun, kabeji ya nuna a hankali. To, gwiwoyin tsohuwa sun gaji. Ta ce masa in ya sayar da randunan bana kaf a baje kolin kaka, matoya ta zama tasa. In ya kasa, ya tuɓe kwat ya shiga taka yumɓu kamar kowa.

Shugaba ya ɗauki randunan hoto, ya duba, ya yatsine fuska. Wai sun yi duhu, mutanen birni ba sa sayen abin da ba ya ƙyalli. Ya sayo man sheƙi irin na goge katako, ya lafta musu ciki da waje, sannan ya manna hoton fuskarsa a jikin kowace randa, yana murmushi har kunne. Matarsa Gye-suk ta tambaye shi ta ina za su yi numfashi yanzu.

"Randa ce ko saniya?" in ji shi. "Ke dai ki tanadi jakar zuba kuɗi."

Rumfata ta cokulan katako tana jikin tasa, don haka komai a idona aka yi. Tsofaffin mata suka zo sayen randa, lokacin haɗa kimchin hunturu ya gabato. Wata kaka ta ƙwanƙwasa randa da yatsa, ta tura kai ciki ta shaƙa, ta fito tana tari.

"Ɗana, wannan ta abinci ce ko ta saka gawa? Ƙamshin akwatin mijina nake ji."

Ta wuce, sauran suka bi ta. Shugaba ya ce ƙauyanci ne ke damunsu, shi kasuwarsa tana cikin waya. Ya kafa fitilu masu zafi, ya fara talla kai tsaye. Masu kallonsa a ranar ni ne da matarsa, ni ma tilasta mini ya yi.

Washegari ya zo da sabuwar dabara. Wai mutanen benaye a Seoul faɗa suke da maƙwabta saboda warin kimchi, shi kuwa randarsa ba ta fitar da wari. Ya cika babbar cikinsu da ɗanyen kimchi har baki, ya shafe murfin da gam, ya girke ta ƙarƙashin fitilun, ya yi wa duniya alkawarin zai buɗe ta ranar rufe biki. Nan da nan masu kallo suka yi ta ƙaruwa. Ya riƙa nuna mini wayar yana cewa in ga masoya. Na karanta abin da suke rubutawa, cacar ranar da za ta fashe suke yi. Ban gaya masa ba, gaskiya ni ma na sa nawa.

Kafin ranar ƙarshe randa ta fara gurnani. Shugaba ya ce ai waƙar inganci ce. Ni dai na kwashe cokulana na koma bayan rumfar mai kwanduna.

Ranar rufe biki ya gayyato shugaban kwamitin baje kolin, Dattijo Yeom, wanda ya zo cikin fararen kayan gargajiya, wankakku gogaggu. Shugaba ya roƙe shi ya kawo hanci kusa ya shaida wa jama'a. Dattijo ya shinshina, ya ce lallai babu wari ko kaɗan. Shugaba ya juya ga waya, ya gyara taye, ya sa kurfi a gindin murfin, ya buga da guduma.

Aboki, murfin nan ta rufin rumfa ya fita, har yau ba a san inda ya sauka ba. Kabeji ya yi ruwan sama. Dattijo Yeom ya koma ja tun daga hula har safa, ganye na reto a gemunsa. Shugaba kuwa, da barkono a ido yana hawaye, bai saki tallarsa ba.

"Jama'a, kun dai ga ƙarfin kaya," ya ce wa wayar.

Dubbai sun gani, amma ko mutum ɗaya bai yi oda ba. Kwamiti ya zauna a kan rumfar da ta yage da kayan dattijo da suka lalace. Dattijo Yeom mutum ne mai adalci, ya ce shi shaida ne randunan suna riƙe wari, kuma garin na neman mazubin shara. Aka kwashe su kaf a madadin tara.

Shugaba ya ruga gida, ya durƙusa gaban surukarsa, ƙirji a buɗe.

"Inna, ko ɗaya ba ta rage ba. Hukuma ce ma ta ɗauke su."

"Sayarwa na ce, mijin 'yata, ba biyan tara ba," in ji tsohuwa. "Cire takalmi, yumɓu na jira."

Yanzu in ka zo ƙauyenmu za ka same shi a ramin yumɓu, wando a naɗe, yana ba kaji labarin kasuwar zamani. Randunan suna nan a bakin kasuwa da tashar mota da ƙofar ban ɗakin jama'a, suna sheƙi, fuskarsa na murmushi a jikin kowace. Burinsa na suna kam ya cika. Duk gidan da shara ta taru, sai ka ji uwa ta ce wa ɗanta, "Tashi ka kai wa Shugaba."