Ranar da Na Bi Kan Jirgi da Gudu a Nguru

Ba zan taɓa mantawa da tashar jirgin Nguru ba, ko da tsufa ya kwashe min sunayen jikokina. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta hau tafasa, in rasa haushin wa zan fara ji: masu jirgin, ko 'yan kallo, ko ni kaina.

Zamanin Turawa ne, shekarata biyu da aure a Gashuwa. Wasiƙa ta zo daga Kano cewa ƙanwar maigidana ta sauka lafiya, haihuwar fari. Surukata, wadda kowa ke kira Iya, ta ce ko da rarrafe sai an yi sunan nan da ita. Iya kuwa idonta ya fara hazo, Badanci ne bakinta, Hausarta ba ta wuce ta cinikin kasuwa ba. Maigida malamin makaranta ne, ba halin ya bar aji. Sai ya ce da ni, "Ke da kika yi makarantar kwana, ki kai ta ki dawo min da ita lafiya."

Kaina ya kumbura. (Ni ma fa ban taɓa shiga jirgi ba. A littafi na gan shi, amma wa zan faɗa wa?)

Jirgi ba kullum yake tashi ba, kuma na ranar nan ne kaɗai zai kai mu kafin suna. Muka sha yashi a babbar mota tun asuba, ba mu iso Nguru ba sai da rana ta take. Ga raƙuma a durƙushe da kanwa, ga warin fatu, ga buhunan gyaɗa an jibge sun fi soro tsayi. Na yanki tikiti biyu, na haɗa da wasiƙar da ke ɗauke da kwatancen gidan, na ƙulle a bakin mayafina. Na zaunar da Iya a cikin tarago kusa da taga, na jera mata ƙwaryar yaji da bandar kifin da za mu kai wa mai jego. Ta ce gwiwoyinta ba za su iya sauka ba, a zaune za ta yi azahar. Ni kuwa na ɗauki buta na zagaya bayan tulin gyaɗa, inda wata mai fura ta ara min tabarma.

Ina cikin raka'a ta biyu na ji wata irin ƙara da ta cika tasha. Na saci kallo (Allah Ya yafe min), sai ga kan jirgi ya fito daga bayan buhuna yana aman hayaƙi, yana tafiyarsa.

Ni da ko kaza ce ta hau min sallaya ba na motsi, ranar nan na yanke salla. Na kwasa da gudu a gefen dogo, ba takalmi, ɗankwali ya yi nasa waje, na taka kashin raƙumi ban ko waiwaya ba.

"Ku tsaya! Azzalumai! Marasa tsoron Allah! Ina za ku kai min tsohuwa?"

Wani dattijo ma'aikacin jirgi, da tuta a hannu, ya tare ni. Na fizge tutar na yi jifa da ita, na caƙumi wuyan rigarsa.

"Tsohon banza! Da furfurarka a ka kake tsaye ana sace uwar mutane? Direban mota ma yana jiran mai salla! Ka tsayar da shi ko in kai ka gaban alƙali!" Har da ɗan Turancin da na koyo na yayyafa masa, don ya san da wa yake.

Ya ce, "'Yata, sake min riga tukuna. Yanzu waiwaya."

Na waiwaya. Taragai na nan a jere inda na bar su, ko motsi. Ga Iya ta leƙo ta taga tana cin goronta.

"Nan ne ƙarshen dogo," in ji shi. "Sai an kai kan an juyo da shi, ya sha ruwa, sannan ya zo ya ja ku. Ko da baya kike so mu tafi Kano?"

Tasha ta ɗauki dariya. 'Yan dako suka sauke buhuna don su dara da kyau. Wani ya ɗaga murya ya ce, "A ɗaura mata taragon mana, ai ta fi kan jirgin sauri!" To, ku faɗa min don Allah, da an kafa ɗan allo an rubuta cewa kan jirgi yana zuwa yawo shi kaɗai, me zai ragu a jikin masu jirgin? Ni da na iya karatu ai da na karanta.

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah.

Na koma bayan gyaɗa cike da haushi. Na wanke ƙafa, na sake alwala, na tada kabbara. Na ce a raina yau sai sun ga natsuwa. Na ƙi yin ƙasaru irin ta matafiyi, na cika raka'a huɗu, na zaɓo dogayen surori ina ja. (Salla ce a baki, amma a zuci gasa nake da 'yan dako.) Ƙarar nan ta sake tashi. Na ji an busa usur. Na ji muryar dattijon yana kira, "Ina yarinyar nan mai gudu? Ta taho!" Na ce wato kallo na biyu suke nema, ba za su samu ba. Mai fura ta matso ta ce, "'Yar'uwa, wannan karon fa da gaske ne." Na ƙara lafewa a sujada.

Da na sallame, har da addu'a, na zagayo a tsanake. Dogo fayau. Can nesa sai ɗan hayaƙi.

Iya ta tafi Kano. Ba tikiti, ba kwatancen gida, ba ido, ba Hausa. Tikitin da kwatancen suna ƙulle a bakin mayafina.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi shirun ya fi dariyar ciwo. Na hango tsohuwar nan a tsakiyar birni tana laluben hanya da ƙwaryar yaji a ka, sai hawaye. Duk faɗin tashar ma'aikaci ɗaya na sani, shi ne wanda na caƙumi wuyan rigarsa. Na je na durƙusa a gabansa, gwiwa biyu, kan tsakuwa mai zafi.

"Baba, ka yi wa Allah ka yafe min."

"Au, na tashi daga tsohon banza?"

"Baba, uwar mijina ce. Amana ce."

Ya ce in tashi in biyo shi. Ya kai ni wurin akawu mai buga waya, aka duba tikitin, aka kwafi kwatancen, aka aika tasha ta gaba cewa akwai tsohuwa kusa da taga mai ƙwaryar yaji, a kula da ita har ƙofar gida. Da muka fito ya nuna min tutarsa da ke yashe a ƙasa tun ɗazu. Ni na ɗauko, na kaɗe, na miƙa masa da hannu biyu.

A gidan mai fura na zauna har jirgi na gaba. Ranar da na isa Kano an riga an yi suna, ko ƙashin rago ban tarar ba. Na sami Iya a tsakar gida, jariri a cinya, mata sun kewaye ta tana yabon mutanen jirgi, wai har shayi suka ba ta. Tana jin sallamata ta ce, da 'yar Hausarta, yadda kowa zai ji:

"Ga mai rakiyata ta iso. Ku ba ta ruwa, ta sha gudu."

Na sha ruwan, ya zan yi? Abin da na koya dai shi ne, fushi ne ya sa na yanke salla, fushi ne kuma ya sa na tsawaita ta, duka biyun ban ga alamar lada ba. Tun daga ranar, duk garin da na sauka, kafin in tada kabbara sai na nemi mai fura na tambaye ta yadda ake yi.