Zanin Inna da Boleh Ɗina

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na tsaya gaban mata cike da falo ina gyara zaman mayafi ina murmushi, alhali babu mai niyyar ɗaukata hoto. Ko yanzu da nake ba ku labarin daga Kano, sai da na ɗan rufe fuska.

Lokacin muna zaune a Danau Kota, a Kuala Lumpur. Maigidana yana karatun digiri na uku, ni kuma ina nawa digirin a girki da leƙen taga. A yaren Malay kalma ɗaya tak na riƙe da kyau, wato boleh. Ma'anarta "ana iya", ko "ba laifi, bismillah". Da ita nake sayen kifi, da ita nake shiga tasi, da ita nake amsa gaisuwar da ban ji kanta ba. Duk wanda ya yi mini doguwar magana sai in gyaɗa kai in ce boleh, mu rabu lafiya. Har kuri nake yi wa sababbin zuwa cewa yaren nan ba shi da wuya.

Maƙwabciyata Kak Zaiton (Kak ɗin kamar mu ce Yaya ne) ita ta gayyace ni. Tana cikin wata ƙungiyar mata masu ɗinka bargon ƙyallaye, kuma duk shekara sukan kama hayar gida a bayan gari su kwashi kekunan ɗinkinsu su tare can ƙarshen mako, ba miji ba yara. Da ta nuna mini aikin nasu sai da na danne dariya. A sayo yadi sabo fil, a yayyanka shi ƙanana-ƙanana, sannan a zauna a haɗe shi da allura, a shimfiɗa auduga a tsaka. A gidanmu da ka yi haka da an ce a kai ka a yi maka ruƙiyya. Amma kalmar "ba miji ba yara" ta shige ni, na ce ina zuwa.

Ta ce in zo da yadin aiki, kuma in zo da tufa ɗaya mai tarihi a wurina. Daga nan Turancinta ya ƙare, ta ci gaba da bayani mai tsawo da yarensu, tana yi tana nuni da hannu. Kun san amsar da na ba ta.

Yadin aiki na sayo shi a Jalan Tuanku Abdul Rahman, inda shagunan yadi suke jere. Tufa mai tarihi kuwa ba sai na yi dogon tunani ba. Ina da zanin Inna, mahaifiyata, wadda ta rasu shekara guda kafin mu bar gida. Tsohuwar atamfa ce kore mai zanen ganye, da ita take zuwa suna da gaisuwar mutuwa. Da aka raba kayanta shi kaɗai na roƙa. Ban taɓa ɗaurawa ba, ban taɓa wankewa ba, saboda ƙamshin turaren wutarta yana jiki. Yana ƙasan akwati a cikin leda, in kewa ta dame ni sai in buɗe in shaƙa in mayar da sauri don kada ƙamshin ya ƙare. A tunanina kowa zai ɗaga nasa ya ba da labari, a tafa, a ninke.

Na ja ƙawata Jamila, 'yar Katsina da ta daɗe a ƙasar tana karatu, kuma ta iya yaren na gaske. "Ni fa ba sewing zai kai ni ba," in ji ta. "Makan zai kai ni, wato cin abinci. Kar ki ga na ɓace ki ce ban gaya miki ba."

Gidan na katako ne a gefen wani rafi ta wajen Hulu Langat. Har yau in na ji ƙarar keken ɗinki ana ruwan sama, can zuciyata take komawa. Tebura a jere, kekuna na ta ruri, wayoyin lantarki sun sarƙe a ƙasa, zare ya maƙale a zanin kowa. Akwai 'yan mata, akwai ma'aikatan ofis, akwai kakanni masu tabarau a kan hanci. Ana ɗinki ana gulmar surukai, wadda ko ban ji yaren ba na gane ta daga yadda ake rage murya. Ba a ɗauke faranti daga teburin abinci, sai dai a ƙara. Lokacin salla a kashe kekuna gaba ɗaya, su zura fararen hijabansu har ƙasa mu yi sahu a tsakanin tebura. Tun da na zo ƙasar ban taɓa jin na saki jiki kamar ranar ba.

Bayan azahar aka taru a babban teburi. Mai kula da shi wata dattijuwa ce, Makcik Salmah (Makcik ɗin kamar Gwaggo), gajeriya mai fara'a, riƙe da wata 'yar wuƙa mai kama da tayar keken yara. Tun safe na ga tana rarraba wa kowa ƙyallaye, ni ma an ajiye mini nawa tulin a gefen kekena. Da yake ni ce baƙuwa, ni aka fara kira, na warware zanin Inna, na ba da labarinsa da ɗan Turancina. Suka yi ta shafa shi suna yabawa. Jamila, kamar yadda ta yi alkawari, tana kicin.

Makcik Salmah ta shimfiɗa zanin a teburi, ta dube ni da kulawa, ta ce, "Boleh potong?"

To, ku yi mini adalci. Mu Hausawa harafin fa da na pa duk ɗaya ne a bakinmu, hoto, foto, poto, duk tafiyarsu guda. Kunnena ya ji tana neman izinin ɗaukar hoto. Na ce, "Boleh, boleh." Ta sake tambaya, a hankali, tana kallon idona. Na ƙara mata boleh na uku da fara'a, har ina jin haushin yawan tambayar.

Sai na matsa jikin taga inda haske ya fi kyau. Na gyara mayafi, na tsuke ciki, na ɗan karkata kafaɗa (ɓangaren hagu ya fi yi mini kyau, kowa a gidanmu ya sani), na saki murmushin biki. Ina ta neman wadda za ta ɗaga waya. Matan suka bi ni da kallo, wasu suka mayar mini da murmushin cikin ladabi, irin wanda ake yi wa baƙon da ba a san al'adarsu ba. A bayana kuma ina jin wani sauti, ƙyat, ƙyat, amma ban juya ba don kada hoto ya fito a karkace.

A haka Jamila ta fito da faranti a hannu. Ta dube ni, ta dubi teburi.

"Ke, me kike yi a nan kamar amarya?"

"Hoto za a ɗauke ni da zanin Inna."

"Wane hoto? Me ta ce miki exactly?"

"Boleh poto."

Ta ajiye farantin. "Potong ta ce. Yanka. Innalillahi, juya ki gani."

Na juya. Rabin zanin Inna ya zama dogayen tsiloli, a jere tsaf, ko karkata babu. Murmushin bai gama barin fuskata ba kuka ya ƙwace mini, irin mai sauti, wanda rabona da shi tun ranar jana'iza. Ga hawaye ga majina, ga kafaɗa har lokacin a karkace. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Da Jamila ta yi musu bayani, Makcik Salmah ta dafe ƙirji ita ma ta fashe da kuka, ta kama hannuna tana ta neman gafara, ni kuma ina cewa ba komai da Hausa ina shessheƙa. A nan na ji abin da Kak Zaiton ta yi ta gaya mini ranar. Al'adarsu ce kowa ta kawo tufar wani nata, a yanka a raba wa kowa, don bargon kowace mace ya ɗauki yankin na 'yan uwanta. Ƙyallen nan mai layi-layi da ke cikin tulina zanin sallar mijin Makcik Salmah ne, wanda ya rasu bara, don mazansu da zani suke salla. (Da safe na goge shayin da na zubar da shi. Wannan ban gaya wa kowa ba sai ku.)

Suka ce za su mayar mini da zanin yadda yake, ɗinkin da ba zai nuna sosai ba. Kak Zaiton ta ɗauki tsili ɗaya ta ɗora masa dutsen guga don ta daidaita bakinsa. Zafi na taɓa shi ƙamshin ya tashi. Turaren Inna ne sak, hawi da sandal da ɗan hayaƙin gawayi, ya cika falon kamar yanzu ta gifta za ta gidan suna. Duk ɓoyon da na yi a leda ban taɓa jin sa da ƙarfi haka ba. Wata tsohuwa ta lumshe ido ta ce wani abu, Jamila ta raɗa mini: wai mai wannan ƙamshin mace ce mai tsafta, Allah Ya ji ƙanta. Matan da ba su taɓa ganin Inna ba suka ɗaga hannu suka yi mata Fatiha.

Na share fuska da gefen mayafin da na sha wahalar gyarawa. Na tura wa Makcik Salmah ragowar rabin zanin. Ta dube ni da jajayen idanu, ba ta taɓa wuƙar ba sai da ta kira Jamila ta tsaya a tsakaninmu shaida.

"Boleh?" in ji ta.

Na ce boleh. Shi ne na farko a ƙasar nan da na faɗa na san abin da nake cewa.

Bargona yana kan gadona yanzu. Layukansa sun karkace, kusurwoyinsa ba su haɗu ba, kuma akwai ƙyalle mai layi-layi da tabon shayi a gefen dama. Inna ba ta taɓa wuce Zariya ba a rayuwarta, amma yau koren zaninta yana gidaje da dama a Kuala Lumpur, jikokin wasu suna barci a ƙarƙashinsa. Ina kewar matan nan ƙwarai. Abin da na koya kuwa kaɗan ne: kafin in ce wa mutum bismillah, sai na fara duba ko waya ce a hannunsa ko wuƙa. Hoton dai har muka bar ƙasar ba wanda ya ɗauke ni.