Ƙofa Mai Launin Mayafin Rabi

Mayafinta na fara gani a kasuwar Kabo, ruwan hoda, kafin fuskarta. Lokacin Shari'a ta shigo, doguwar hira ta zama abin tsoro, sai na ƙudura ƙofar gidana ta ƙarfe a Gwarzo ce za ta gaya wa Rabi sirrin zuciyata.

Mai shago ya ce fentin mai ake sa wa ƙarfe, kuma kore kawai gare shi. Na ce soyayya ba ta san kore ba. Na ɗauki fentin bango, launin mayafinta sak, na shafe ƙofar.

Ranar da kawunta ya zo ganin gidan, aka yi yayyafi. Ya jingina da ƙofar muna gaisawa, bayan farar rigarsa ya rine. Na sadaƙar an fasa auren.

Ya daɗe yana dubawa. "Wannan ba mayafin Rabi ba ne? Wanda ya haukace haka ba zai wulaƙanta mana 'ya ba."

Washegari ya aiko da fentin mai, kore. Allah ya saka masa da alheri. Yanzu ya tsufa, ido ya tafi, amma da ya ji muryata sai ya ce, "Angon Rabi, in jingina?"