Ranar da Na Durƙusa wa Tarhon Biro

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko da na so.

Ni sakatariya ce a wani magazin, wato shagon sayar da taki da irin shuka, a Dogon Dutsi, kuma da aikin nan nake riƙe da mahaifiyata da ƙannena. Patron ɗinmu mai magazin ɗin, Alhaji, mutumin kirki ne, amma akwai abu guda da ba ya yafewa: bori. Bara ya sallami maigadinmu don kawai an gan shi wurin wasan bori a Matankari. Ni kuwa a hannun kakata Inna na girma, ƴar garin Lugu, mai iskokinta da take yi wa hidima. Alhaji bai sani ba. (Ban yi ƙarya ba fa, ba a dai tambaye ni ba.)

Tun zuwana, tsohon fiks gare mu, tarhon nan mai waya na kan teburi. Ya yi ƙara, ka ɗauka, ka ji mutum. Ka aje, magana ta mutu. Da Alhaji ya buɗe reshe a Tibiri, sai ya sa aka cire layin, aka kawo sabon tarho mai bi ta intanet don a haɗa biro biyu, wato ofishinmu da na can. Teknisiye mai haɗa tarhon ya zo daga Yamai ya yi ta bayani da faransanci mai gudu, ni kuwa ina ta "wi, wi" don kar a ce ƴar makaranta ba ta gane ba. Wallahi ko rabi ban kama ba.

Ranar, Alhaji ya ɗauki teknisiyen suka tafi Tibiri. Da rana ta take, leburori suka fita cin abinci, aka bar ni ni kaɗai. To, bayan biro ɗinmu akwai wata tsohuwar tsamiya. Sanda Inna ta taɓa zuwa ganina, ta daɗe tana kallonta, ta ce, "Ɗiyata, wurin ga da mai shi. Kar ki zuba ruwan zahi nan." Da safen nan kuwa, cikin sauri, a gindinta na watsar da sauran ruwan shayi. Ko bisimilla ban yi ba.

Ina zaune sai na ji an kira sunana.

Na waiga ƙofa, ba kowa. Aka sake kira. Daga tarhon muryar ke fitowa, alhali bai yi ƙara ba, kuma kansa na aje a mazauninsa ban taɓa shi ba. Murya ce ƙasa-ƙasa, tana yankewa tana dawowa, kamar daga cikin rijiya.

Na kama Ayatul Kursiyyu. Ayar da nake karantawa kullum tun ina ƙarama, amma na zo tsakiya ta ɓace mini fat. Na koma farko, ta sake ɓacewa.

"Muna... jin ki..." in ji muryar. "Muna... jin... ki..."

Nan ruwan shayin ya faɗo mini a rai. Ban san sanda na tuɓe takalmi na zube gaban teburi ba, kamar yadda na sha ganin Inna na yi.

"Uwar gida, ki yi haƙuri! Ni ce jikar Inna ta Lugu, kin san ta, ita ka ba ki nono da farin goro. Ruwan zahin nan mantuwa ce! Zan kawo farar kaza, Juma'ar ga ba sai wata ba!" Da ma nan na tsaya. Ina! Sai na ƙara: "Kuma don Allah kar ki taɓa Alhaji, bai san komi ba, shi dai taurin kai ne da shi!"

Daidai nan rezo, wato layin intanet ɗin, ya ga damar gyaruwa. Murya ta fito tar, kamar mutum na tsaye a kaina.

"Madmazel. Ni ne mai taurin kan."

Bayansa na ji dariya ta ɓarke, aka yi saurin haɗiye ta. Ashe sabon tarhon na da maɓallin da patron zai danna daga can, muryarsa ta fito a teburina ba sai na ɗauka ba. Gwaji suke yi. Da teknisiye, da ma'aikatan Tibiri, har da limamin da aka gayyato ya yi wa sabon reshe addu'a, duk suna tsaye suna ji.

Har la'asar ban taɓa wani aiki ba. Na tattara ƴan kayana cikin leda, na zauna ina tsara yadda zan faɗa wa mahaifiyata. Duk motar da ta wuce sai in leƙa ko Alhaji ne.

Alhaji ya shigo, ya dubi ledar, ya dube ni.

"Kin san sunan abin da kinka yi?"

"Na sani, Alhaji. Tsoro ne ya..."

"Shirka sunanshi." Ya ture ledar gefe. "Maigadi da ƙafarshi ya tai, da hankalinshi. Ke tsoro ya kai ki. Kuma cikin tsoron kinka tuna da ni, ko da ba wurin da ya kamata kinka roƙa ba. Mai da kayanki. Asabar da Lahadi ki bi matata Hajiya zuwa Islamiyya. In na sake jin irin wagga magana a biro na, ba sai na ce komi ba."

Ya kai ƙofa ya juyo. "Taurin kai kuma, Hajiya ta riga ki faɗi."

Aiki dai yana nan. Amma yanzu duk direban da ya shigo sai ya yi mini kukan kaza, ƴan Tibiri kuma in sun kira, gaisuwarsu ita ce "Muna jin ki." Ina murmushi, amma har yau in tarhon ya yi ɗan motsi sai in zabura.

Abin da na koya kaɗan ne: in ka ji murya daga inda ba mutum, fara cewa "Alo, wa ke magana?" Durƙuso ba ya gudu, yana iya jira.